Farin Buhu a Kan Sanda

Shafi na 14

Assalamu alaikum. Masu cewa na yi shiru, ku yi haƙuri, hannun da ke rubutun shi ne ke sauran ayyukan gida. Mun tsaya inda aka fasa ɗakin Yaya ranar da ta tafi asibiti, aka ɗauke injin ban ruwanta, maƙwabta kuma suka ɗora laifin a kan Mai Zuma, baƙon da ya zo zama a bakin daji. Bismillah.

*

Mai Gyara bai yi mamakin jin ƙarar babur da hantsi ba. A wannan yankin, inda gida ke hango gida daga nesa kamar ɗigon tawada a jikin tudu, ana jin babur tun bai bayyana ba. Mutum zai sha ruwa, ya nemo hularsa, kafin mai babur ya iso.

Ya san kukan injin. Na surukinsa ne, Dogo, mijin 'yarsa ta fari, wanda ke jagorantar 'yan sintiri.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne kayan da ke ɗaure a baya, an lulluɓe su da bargo a wannan zafin.

Dogo ya kashe babur, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin rumfa.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau. Ya mai jikin?"

"Da sauƙi. Ƙafafun ne dai ke kumbura. Ungozoma ta ce na wata ne."

"Allah ya raba lafiya."

"Amin. Baba, wani inji ne na samo. Ba ya jan ruwa."

"Samowa ka yi ko saya?"

Dogo ya sosa ƙeya.

"Saya."

"To sauke mu gani."

Suka kama shi tare suka shiga ɗakin aiki, suka dire a kan bencin da ke bakin ƙofa. Kore ne shar, fentin ko gama bushewa bai yi ba. Mai Gyara ya danna babban yatsa a jiki, ya ɗago, ya dubi yatsan. Ya jawo sifana daga cikin gwangwani, ya zauna a kujerarsa. Ɗayar kujerar, ƙaramar, tana jingine da bango tun da Auta, ɗansa na ƙarshe, ya ajiye koyon gyara ya tafi birni neman abin da ya fi baƙin mai tsabta.

Noti ɗaya bayan ɗaya yake kwancewa yana jerawa a murfin tukunya. Shi ba mai gaggawa ba ne. Mutane kan ce idan ka kawo masa inji, sai ya saurare shi kamar yadda likita ke sauraron tari.

Da ya ɗaga murfin famfon sai hannunsa ya tsaya.

A zagayen bakin, inda ake sa robar da ke hana yoyo, akwai wata shuɗiyar roba, yankan wuƙa, da zanen ƙananan furanni a gefe ɗaya.

Daidai nan matarsa ta fito da ruwa a faranti. Ta riga ta yi shirin kasuwa, gyale a kafaɗa.

"Sannu da zuwa, Dogo. Ya 'yar tawa?"

"Tana gaishe ki, Inna."

"Innar yara," in ji Mai Gyara, bai ɗago ba. "Zo ki ga wani abu."

Ta leƙo. Sai ta yi dariya.

"Kai, wannan ai silifata ce. Wadda ka yanke min bara ka ce za ka sayo sabuwa. Ina nan ina jira, kada ka zaci na manta."

"A injin wa na sa ta?"

"Na Yaya mana. Ranar da ta zo tana..."

Dariyar ta tsinke a tsakiya. Ta ajiye farantin a ƙasa a hankali, kamar mai tsoron kada ruwan ya ji.

Mai Gyara ya goge hannu da tsumma. Ya daɗe yana gogewa.

"Dogo."

"Na'am, Baba."

"Wannan injin yayata ne."

Dogo ya sunkuyar da kai.

"Matar nan ita kaɗai take a can ƙarshen fadama. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna birni. Da injin nan take shayar da 'yan tumaturinta. Tun da aka ɗauke shi take jan guga da hannu, da ciwon bayan da ya kai ta asibiti. Jiya ta ce min ta gaji, za ta rufe gidan ta bi ɗanta. Ka sani?"

"Na sani."

"Ka sani."

"Baba, ba yadda kake tunani ba ne."

"Ban ce ina tunanin komai ba. Na gaji da tunani. Tambaya nake."

Ya juya ya dubi doguwar sandar da ke kafe a bakin shinge. Babu komai a kanta. Kowane gida a yankin yana da irinta, kuma shi ne ya kawo shawarar. Lokacin da sata ta yi yawa, yau akuya, gobe batirin sola, jibi buhun masara, sun je wajen Kofur a can ofishin 'yan sanda na bakin titi. Kofur ya ce babur ɗinsa ba mai. Aka zuba masa mai, ya zo bayan awaki sun tattake sawun ɓarayi, ya zagaya, ya sha ruwa, ya ce a riƙa kulle ƙofa. Waya kuwa ba ta kamawa sai an hau tudu. In ka yi ihu, iska ce za ta amsa.

Shi ne Mai Gyara ya ce to, tunda ba ma jin juna amma muna hango juna, duk wanda zai bar gidansa ba kowa, ya ɗaura farin buhun taki a kan sanda. Maƙwabci ya gani ya riƙa ɗaga kai yana dubawa, 'yan sintiri su biyo ta wajen. Kowa ya yaba. Har Mai Tarakta, wanda bai cika yabon abin da ba shi ya faɗa ba, ya ce wannan dabara ce.

Aka yi alkawari ba za a gaya wa na waje ba.

"Na zauna na duba," in ji Mai Gyara. "Tun da muka fara ɗaga buhun nan, ba a taɓa shiga gidan da ke da mutum a ciki ba. Ko sau ɗaya ɓarawon bai yi kuskure ba. Mu da hannunmu muke rubuta masa, ga gidan da ba kowa, bismillah."

"Haka ne."

"Kuma masu zagaya sandunan nan suna dubawa, ku ne."

Dogo ya ɗago da sauri. Idonsa ya yi ja.

"Ni kake nufi, Baba?"

"Inji a bayan babur ɗinka ya zo."

"Da ni ne, sai in kawo shi wajen wanda ya san cikinsa kamar tafin hannunsa? Ko haukan kare nake?"

"To me ya sa ka kawo?"

"Don na rasa yadda zan yi." Muryarsa ta yi ƙasa. "An buɗe shi an lalata wani abu a ciki. Na saye shi ne don in mayar wa Goggo. Na so ka gyara, in kai in ajiye mata a bakin rijiya, in ce a daji muka tsinto. Na zaci fentin zai rufe. Ban san da silifar Inna ba."

"A hannun wa ka saya?"

Dogo ya kau da kai.

Wata kaza ta zo ta tsoma baki a ruwan da ke farantin. Ba wanda ya kore ta.

"Dogo, a hannun wa?"

"Baba, don Allah kada ka sa ni."

"Ka san abin da aka yanke jiya a gindin tsamiya. Kana wurin."

"Ina wurin. Na hana, suka ce ni yaro ne."

"Gobe da safe Mai Tarakta zai ɗebi mutane su je su rushe bukkar Mai Zuma, su ƙona amyoyinsa. Laifinsa shi ne yana yawo a daji kuma ba mu san kakansa ba. Mutumin nan yana da mata da jariri a goye. In ya tsaya gardama, ka san hannun Mai Tarakta ba ya jin birki. Kai kuma kana zaune da sunan ɓarawo a bakinka kana ce min don Allah."

"In aka ga injin ya dawo, ƙila su huce."

"In aka ga injin ya dawo daga daji, sai su ce tsoro ya ji ya jefar. Ka ƙara masa itace ke nan."

Dogo ya rufe fuska da hannu biyu. Dogon mutum, mai ɗaukar buhu biyu a kafaɗa, sai ga shi ya naɗe kamar tabarma.

"Abin da zan iya faɗa," ya ce ta cikin yatsunsa, "ranar kasuwa yake shigowa. Ya tsaya a kan tudu kamar mai neman sabis, waya a kunne, yana duba sanduna. Ranar kasuwa rabin gidaje farare ne, mu kuma babur biyu gare mu. Kafin mu zagayo ya gama."

"Wa ya gaya masa ma'anar buhun?"

"Ban sani ba."

"Ka sani."

"Baba, an sa ni na rantse."

"Wa?"

Dogo ya saci kallon surukarsa.

"'Yarka."

Matar Mai Gyara ta sunkuya ta ɗauki farantin. Kofin ya yi ƙara a kai, ƙaf-ƙaf-ƙaf, har ta shige ciki.

Mai Gyara bai sake tambaya ba. Ya dubi notocin da ke murfin tukunya. Ya dubi ƙaramar kujerar da ke jingine da bango. Wani irin nauyi ya sauko masa tun daga wuya har gwiwa, irin na wanda ya yini yana haƙa rijiya ya tarar da dutse.

"Tashi ka tafi wajen matarka," ya ce. "Bar injin."

"Baba..."

"Kuma yau kada ku biyo ta nan, kai da yaranka. Ko me ka hango a kan sandata, ka wuce."

"Me za ka yi?"

"Gyara. Ba shi ne aikina ba?"

*

Ya tarar da ita a tsakar gida tana tsaye da kwandon kasuwa, ba ta sa komai a ciki ba.

"Ina buhun nan namu?"

"Wane buhu?"

"Wanda kika wanke kika ɗinke bakinsa. Ba mu taɓa ɗaga shi ba tun da aka fara."

"Ai kai ba ka zuwa ko'ina."

"Yau zan je."

"Ina?"

"Cikin ɗakin aiki."

Ta ajiye kwandon.

"Malam, kada ka ɗaga."

"Me ya sa?"

"Injinan mutane na ciki. In wani abu ya faru..."

"Ina ciki tare da su."

"Kai kaɗai? Da wannan gwiwar taka? In suna da makami fa?"

"Su? Dogo cewa ya yi yake shigowa. Ke kika ce su."

Ta juya baya, ta kama igiyar shanya kamar za ta gyara wani abu a kai. Ba komai a igiyar.

Shi ba mai ɗaga murya ba ne. Tun aurensu bai taɓa ba. Ya jawo turmi ya zauna, ya jira, kamar yadda yake jiran inji ya huce kafin ya sa hannu.

"Duk sati kina hawa tudu ki yi waya," ya ce. "Ban taɓa tambayarki me kuke cewa ba."

"Me uwa ke cewa da ɗanta? Ya ci abinci, ya yi salla."

"Shi kuma ya tambaye ki labarin gida."

"Laifi ne?"

"Ba laifi ba ne."

"Ya ce min yana jin labarin sata, hankalinsa ba ya kwanciya. Ya ce ku tsofaffi ku kaɗai a daji, wa ke duba ku? Sai na ce masa ya kwantar da hankali, babanka ya yi dabara." Ta juyo ta dube shi. "Alfahari nake da kai, Malam. Shi ya sa na faɗa."

"Na sani."

"Ba na waje ba ne. An ce kada a gaya wa na waje. Shi ba na waje ba ne."

"Haka ne."

"Kuma ba mu da tabbas. Dogo bai kira sunan kowa ba. Yaron nan yana can birni yana aikinsa, ya ce min maigidansa na yabonsa. Goggonsa ce fa. Ita ta goya shi lokacin da na yi jinya. Ya za a yi..."

"Shi ya sa zan ɗaga. In ba shi ba ne, sai in ga wanda ne, in kwana da sauƙin zuciya. Ba kya so?"

Ta dubi kwandon da ke ƙasa.

"In kuma na yi shiru, gobe a ƙona gidan bawan Allah da jariri a ciki ko a waje, ya danganta da saurin matarsa. Ki gaya min da wane ido zan sake duban sandar nan."

Ta shiga ɗaki. Ya ji ta buɗe akwati. Ta fito da buhun a ninke, fari tas, ta miƙa masa ba ta dube shi ba.

Shi ya ɗaura da kansa. Igiyar ta yi masa gardama, yatsunsa ba su da ƙarfin da. Da ya ja ta sama, iska ta cika buhun, ya buɗe, ya fara kaɗawa. Daga nan ana hango tudun, da hanyar kasuwa da ta ratsa ta kansa kamar tsagar kitso.

Ya dawo ya tsaya a ƙofar ɗakin aikin. Ɗaki ne na kwano, ba taga sai 'yan ramukan ƙusa.

"Ke za ki kulle ni daga waje. Ki tafi kasuwarki yadda kika saba."

Ta ɗauki kwaɗon.

"Innar yara."

"Na'am."

"Bar min wayarki. Tawa ba caji."

Ta dube shi. Ya dube ta. Su biyun sun san waya ba ta kamawa a gidan nan. Su biyun sun san ta kan tudu hanyar kasuwa ta bi.

Ta kwance bakin zaninta, ta ciro wayar, ta ɗora a kan benci kusa da injin Yaya.

"Allah ya sa ka yi zaman banza," ta ce.

"Amin."

Ƙofa ta rufe. Kwaɗo ya ce ƙas.

*

Zafi ya taru a ɗakin kamar an kifa masa tukunya. Haske na shigowa ta ramukan ƙusa, tsinke-tsinke, yana tafiya a hankali a kan injinan mutane. Warin fetur da tsohon baƙin mai. Ya zauna a kujerarsa, sifana a cinya, ba don zai bugi kowa da ita ba, don dai hannunsa bai saba zama haka nan ba.

Ya yi azahar a zaune, da taimama a jikin bango.

Baburan 'yan kasuwa suka wuce can nesa, suka ƙare. Sai kukan kurciya. Sai karensu, wanda ke kwance a inuwar rumfa, yana haki.

Ya fara fatan matar ta yi gaskiya. Ya fara tsara yadda zai je wajen Mai Tarakta da yamma ya roƙe shi ya ƙara kwana, ko da zai sha baƙar magana. Har gyangyaɗi ya ɗan ɗauke shi.

Karen ne ya tashe shi. Ya ji ya miƙe, ya yi gurnani guda.

Ba a ji babur ba. Mai zuwan ya kashe shi tun daga gangare ya turo. Tayoyi ne kawai ke murƙushe tsakuwa.

Mai Gyara ya jira haushi.

Karen nan ko Dogo yakan yi wa haushi. Ko Yaya.

Sai ya ji wutsiya tana bugun kwanon rumfa. Fat, fat, fat. Da wani siririn kuka na murna.

"Shhh. Kwanta, sarkin ci."

A duniya mutum ɗaya ne ke kiran karen nan haka.

Takun ya matso. Inuwa ta toshe tsinkayen hasken da ke jikin ƙofa. Mai Gyara ya taɓa aljihunsa, makullinsa na nan. Na matarsa ya tafi kasuwa. Na ukun an ce ya ɓace, tun ranar da aka jingine ƙaramar kujera da bango.

Kwaɗon nan yana da hali. Sai ka ja shi ƙasa, ka ɗan karkata makullin hagu, sannan ya yarda. Shi ya koya wa yaron, hannunsa a kan hannunsa, lokacin da kan yaron bai kai tsayin kwaɗon ba.

Ya ji an ja ƙasa. Ya ji an karkata.

Ƙas.

Ƙofar ta buɗe, rana ta zubo ciki. Yaron da ke tsaye a ƙofar ya rame, ya yi baƙi, ya tara gashi. Idonsa bai saba da duhun ba tukuna, ya miƙa hannu yana laluben injin da ya fi kusa.

"Sannu da hanya, Auta," in ji Mai Gyara. "Ga kujerarka nan."

Makullin ya faɗi ƙasa.

Yaron bai gudu ba. Bai kuma shigo ba. Ya buɗe hannuwa biyu ya dafe gefen ƙofar, ya cika ta da jikinsa, leɓɓansa suna motsi ba sauti: Baba, yi shiru.

Daga bayansa, kusa sosai, wata murya mai kauri wadda Mai Gyara bai taɓa ji ba ta ce:

"Kai da ka ce ba kowa. Matsa in ga da wa kake magana."